AIKIN NAS WAJEN YAƘI DA HAWAN JINI

Jawabin da wani Jami'in Watsa Labarai na Gwamnatin Tarayya ya yi a taron wayar da kan jama'a, aka buga shi domin amfanin masu karatun Hausa a ko'ina cikin Nijeriya



Kafin in shiga magana ya kamata in faɗi matsayina, don kada a naɗa mini rawanin da ba nawa ba. Ni ba likita ba ne, ban kuwa taɓa riƙe allura ba. Aikina a ofis shi ne in karɓi abin da masana suka rubuta da Turanci, in zauna da su in yi ta tambaya har in fahimta, sa'an nan in juya shi cikin Hausar da mai sayar da goro da mai tuƙa babbar mota za su ji ba tare da tafinta ba. Saboda haka abin da za ku ji yau ilmin masu shi ne, bakin ne kaɗai nawa. Amma akwai wani yanki na maganar da ban karanta a takarda ba, a gidanmu na gan shi, zan kuwa faɗe shi in mun kai wurin.

Abin da aka ce in yi magana a kai shi ne hawan jini, da aikin da nas take yi wajen gano shi da riƙe shi. Na ce "take" domin yawancinsu mata ne. Mazan da ke cikinsu su gafarce ni, har da su nake.

Mu fara da sunan ciwon, gama mu masu fassara mun san sunan nan ya jawo ɓarna. Mutane da yawa in sun ji "hawan jini" sai su ɗauka jini ne ya yi yawa a jiki, ya cika har ya hau kai. Wanda ya ɗauka haka kuwa ina zai nufa in ba wurin wanzami ba, a kafa masa ƙaho a ƙeya a rage? Waɗansu kuma sun ɗauka ciwon masu tunani ne da masu fushi, watau in an biya bashi ko an shirya da wanda aka yi faɗa da shi, shi ke nan ya tafi. Ku dubi injin ban-ruwa na 'yan fadama. Inji yana tura ruwa cikin tiyo, ruwan yana danna jikin tiyon da ƙarfi. In tiyon ya matse ko ya yi tauri, tilas inji ya ƙara wahala, ƙarfin ruwan ya ƙaru, wata rana ko dai tiyo ya fashe ko inji ya ƙone. To, zuciya ita ce injin, jijiyoyin jini su ne tiyo, abin da ya hau kuwa shi ne ƙarfin da jini yake danna jijiya da shi. Ko wanzami ya zuƙe kofi guda, jijiyoyin suna nan yadda suke.

Shi ya sa in nas ta auna mutum takan rubuta lamba biyu, ɗaya bisa ɗaya. Ta sama ita ce ƙarfin jini sa'ad da zuciya ta matsa ta tura shi, ta ƙasa kuma sa'ad da ta saki tana hutawa kafin bugu na gaba. Ana lissafinsu da milimita na zaiba, domin na'urorin farko zaiba ce take hawa cikin kwalbarsu. Wani likita ɗan Italiya mai suna Riva-Rocci ya ƙago maɗaurin damtsen nan da ake hura wa iska a 1896, wani likitan soja na Rasha, Korotkoff, ya gano a 1905 yadda za a saurari bugun jijiya a fitar da lambobin biyu. Lafiyayyen babba yakan kasance wajen 120 bisa 80. In aka auna mutum a rana biyu dabam-dabam aka sami ta sama ta kai 140 ko ta wuce, ko ta ƙasa ta kai 90 ko ta wuce, to, yana da hawan jini, ko da kuwa ya rantse bai taɓa jin ko ciwon kai ba.

Wannan shi ne muguntar ciwon: ba ya sallama. Zazzaɓi yana kayar da mutum ran da ya zo, haƙori yana hana barci, amma hawan jini yakan yi shekara goma a jiki yana aikin gara a cikin azara, daga waje ɗaki lafiya lau. Ran da ya bayyana, ya bayyana ne da shanyewar ɓarin jiki, ko gazawar zuciya da kumburin ƙafafu da haki, ko lalacewar ƙoda, ko dushewar gani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2023 cewa masu hawan jini a duniya sun tashi daga miliyan 650 a 1990 zuwa miliyan 1,300 a 2019, kusan rabinsu ba su san suna da shi ba, huɗu cikin biyar kuma ba sa samun maganin da ya isa. A nan gida Nijeriya, bincike ya nuna kusan babba ɗaya cikin uku yana ɗauke da shi. Ku ƙirga mutanen da ke kan bencinku uku-uku, ku ga abin da nake nufi.

Yanzu ga tambayar da ta kawo mu. Mutane masu yawa haka, wa zai auna su, wa zai ba su magani, wa zai bi su wata bayan wata har ƙarshen rayuwa? Likitocinmu ba su da yawa, yawancinsu kuwa suna manyan birane da manyan asibitoci. Akwai ƙananan hukumomin da mutum zai yi tafiyar yini kafin ya ga likita. Amma da wuya ka sami gunduma da babu ƙaramin asibiti ko ɗakin shan magani, a ciki kuwa wanda za ka tarar shi ne nas, ko ungozoma, ko malamin lafiya na karkara. Tun taron Alma-Ata na 1978 duniya ta amince a kai aikin lafiya kusa da ƙofar talaka, marigayi Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ya ɗora ƙasar nan bisa wannan turba sa'ad da yake Ministan Lafiya daga 1985 zuwa 1992. A 2014 Gwamnatin Tarayya ta fitar da manufar raba aiki tsakanin ma'aikatan lafiya, watau a horar da nas da malaman lafiya su ɗauki waɗansu ayyukan da a da likita kaɗai yake yi. A 2021 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a fili cewa nas da masu harhaɗa magunguna suna iya ba da maganin hawan jini, muddin an horar da su, an ba su izini, an ba su rubutacciyar ƙa'ida, akwai kuma likita da ke sa ido.

Na tsaya a kan wannan ne domin na san halinmu. Mutum ya je asibiti, nas ta auna shi ta ba shi magani, ya fito yana gunaguni wai bai ga likita ba, "wata yarinya" ce kawai ta duba shi. Yarinyar nan ta yi shekaru a makarantar koyon jinya, ta ci jarrabawa, sunanta yana cikin rajistar Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Nijeriya, wadda Dokar Soja mai lamba 89 ta 1979 ta kafa. Ba ta da iko ta taɓa majinyaci sai da lasin. Sana'ar kuma tana da tarihi a ƙasar nan: Kofoworola Abeni Pratt, wadda ta yi aikin jinya a Ingila kafin ta komo gida, ta shugabanci nas-nas na Asibitin Koyarwa na Ibadan, ta kuma zama Babbar Jami'ar Jinya ta Tarayya a 1965. Wanda ya raina nas bai san abin da ke cikin kanta ba ne.

Aikinta na farko shi ne awo, kada kuwa a ga kamar abu ne mai sauƙi don an ga na'urar zamani mai batir wadda ake danna mata maɓalli. Awon da aka yi da garaje ƙarya yake faɗi. Shi ya sa nas za ta ce ka zauna ka huta minti biyar tukuna. Za ta tambaye ka ko ka ci goro, ko ka sha taba ko kofi cikin rabin sa'ar da ta wuce, domin dukansu suna ɗaga lamba na ɗan lokaci. Za ta ce in kana jin fitsari ka je ka rage, gama cikakkiyar mafitsara kaɗai tana iya ƙara wajen 10 a kan lambar sama. Za ta sa ka jingina bayanka, ka sauke ƙafafu a ƙasa ba tare da harɗe su ba, ka ɗora hannu bisa tebur daidai da ƙirji. Za ta zaɓi maɗauri daidai kaurin damtsenka, domin ƙaramin maɗauri a hannun ƙato yana nuna hawan jinin da babu shi. Sa'an nan abin da ya fi yi mana wuya mu Hausawa: za ta ce ka yi shiru. Na ga dattijon da ya ji haushi don yana cikin gaisuwa, ya kai ga tambayar iyali, nas ta ɗaga masa hannu. Ba rashin ladabi ba ne, Alhaji. Magana tana ɗaga lamba. A gama awo, sa'an nan a ƙarasa gaisuwa har da ta gajiya.

In lambar ta fito sama, nas ba za ta yanke hukunci nan take ba. Za ta sake aunawa, ta kuma ce ka komo wata rana, domin akwai waɗanda ganin farin kaya kaɗai yake tsorata su jininsu ya hau, su koma gida ya sauka. Amma akwai inda ba a jira. In ta ga 180 bisa 120 ko fiye, ga kuma matsanancin ciwon kai, ko ciwon ƙirji, ko numfashi sama-sama, ko gani ya dushe, ko baki ya karkace, ko harshe ya yi nauyi, ko hannu ya saki, to, a ranar za ta rubuta takarda ta tura ka babban asibiti. In ta ce a nemo mota yanzu, a nemo yanzu, kada a ce sai an jira maigida ya dawo daga kasuwa.

Aikinta na biyu shi ne magani. A 2020 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, tare da Hukumar Lafiya ta Duniya da waɗansu abokan aiki, ta soma wani shiri na kula da hawan jini a ƙananan asibitocin Jihar Kano da Jihar Ogun. Fataken goro za su lura cewa bakin hanyarsu biyu ke nan, daga Shagamu zuwa Kano. A shekarar nan kuma aka soma irinsa a ƙananan asibitoci 60 na Babban Birnin Tarayya, tare da masanan Jami'ar Abuja. Ƙa'idar da aka ba ma'aikata gajeriya ce, shafi guda ya ɗauke ta, an jera ta hawa-hawa kamar tsani. Ana farawa da ƙwaya guda ta amlodifin mai miligiram 5 kowace rana. In bayan wata guda jini bai sauka ƙasa da 140 bisa 90 ba, a haɗa da losatan mai miligiram 50. In har yanzu bai sauka ba, a ninka su duka biyu. In ya ƙi, a ƙara na uku mai sa fitsari, in ya gagara kuma a miƙa wa likita. Zaɓen amlodifin a farko ba da ka aka yi shi ba. Wani babban gwaji da aka yi a ƙasashen Afirka shida ƙarƙashin jagorancin Farfesa Dike Ojji na Jami'ar Abuja, aka buga sakamakonsa a 2019, ya nuna haɗin da ke da amlodifin a ciki ya fi saukar da jinin baƙar fata. Ban faɗi sunayen nan don wani ya je kantin magani ya saya da kansa ba. Na faɗa ne don ku san nas ba cinke take yi ba, tsari take bi, ta kuma san inda tsarin ya ce ta tsaya. Alal misali ta san losatan ba ya haɗuwa da ciki ko kaɗan, shi ya sa take tambayar mace yaushe ta ga al'adarta kafin ta rubuta.

Aikinta na uku shi ne ya fi duka wuya, a ganina kuma shi ne ya fi duka daraja, watau riƙe mutum a kan magani. A nan zan faɗi labarin gidanmu. Ina da kawu, Allah ya jiƙansa, bafataken goro ne, ƙaƙƙarfan mutum wanda yake ɗaga huhun goro shi kaɗai. Wata rana ya raka matarsa asibiti, wata nas ta ce, "Baba, tun da ka zo, kawo hannunka." Ta auna ta ga abin da ta gani, ta sa ya komo, ta sake gani. Aka ba shi magani da kati, ta yi masa bayani, ta ce ya dawo bayan wata guda. Ya sha na wata guda, ya komo aka auna, jini ya sauka. Kawu ya yi godiya, ya ce ya warke, ya jefa katin cikin aljihun wata tsohuwar riga. Ni da na yi karatun boko ina nan, na ji, ban ce kome ba, domin ni ma a lokacin haka na ɗauka: an sha magani, ciwo ya tafi, kamar zazzaɓi. Bayan shekara biyu, wata asuba yana alwala, buta ta suɓuce daga hannunsa. Aka ce iska ce ta buge shi. Aka yi kwana uku ana hayaƙi da shafe-shafe kafin a kai shi asibiti. Ya yi shekara huɗu a kwance, hannun dama da ƙafar dama ba sa motsi, magana sai iyalinsa ke ganewa. Jarin goron ya tafi a jinya, yara biyu suka bar makaranta. Ran da ake raba kayansa aka sami katin nan a aljihu, da rubutun nas na ranar da zai komo.

Maganin hawan jini danne ciwon yake yi, ba ya tumɓuke shi. Saukar da jini ya yi alama ce ta maganin yana aiki, saboda haka a ci gaba. Mafi yawan masu ciwon nan za su sha ƙwaya kullum har iyakar rai, kamar yadda mai tabarau yake sa tabaransa kowace safiya ba ya cewa ya warke. Wannan magana tana da nauyi a kunnen mutum, likita mai layin majinyata har bakin ƙofa kuwa ba shi da sukunin maimaita ta. Nas ce take maimaitawa. Ita ce take buɗe rajista ta ga wane bai zo ba, ta buga masa waya ko ta aika ta hannun mai unguwa. Ita ce take cewa a zo da kwalin magani ta ƙirga abin da ya saura. Ita ce take ganinka wata-wata har jini ya daidaita, daga nan ta mayar da kai bayan wata uku ko fiye. Ni kaina yanzu ina cikin masu kati, an kuwa taɓa kirana da na yi latti da mako biyu. Na ji kunya, na kuma je.

Ita ce kuma ake gaya wa abin da ake jin nauyin gaya wa likita. Wani zai ce tun da ya soma ƙwayar nan idon sawunsa yake kumbura; amlodifin yakan yi haka ga waɗansu, akwai kuwa abin da za a yi. Wani magidanci zai yi ta kewaye-kewaye kafin ya ce yana tsoron maganin ya rage masa ƙarfi wajen iyali. Gara a faɗa a canja magani da a daina sha a ɓoye, balle ma shi hawan jinin kansa yana kawo wannan rauni. Wani zai ce kuɗi ne suka yanke; nas ta san ƙwayar da ta fi araha mai aiki iri ɗaya. Mai azumi zai tambayi yadda zai yi, ta tsara masa ya sha da sahur ko bayan buɗa-baki, tun da yawancin magungunan sau ɗaya ake sha a yini. Za ta kuma tambaye ka abin da kake saya a kemis. Magungunan ciwon jiki irin su dikulofinak da ibufurofen, waɗanda leburori da direbobi suke sha kamar gyaɗa, suna ɗaga jini, suna kuma cutar ƙoda. Batun zoɓo da tafarnuwa da zogale kuwa, abinci ne masu kyau, a ci a sha, zoɓon dai kada a cika masa sukari, amma kada a ajiye ƙwaya dominsu.

Sai batun tukunya, a nan kuwa da iyayenmu mata nake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da babba zai ci a yini ya kai giram 5, watau kimanin ƙaramin cokalin shayi guda, a haɗe da na cikin miya da na burodi da na kome. To, a miya guda mukan sa gishiri, mu marmasa dunƙule uku ko huɗu, mu jefa kanwa don kuka ko kuɓewa ta yi yauƙi, maigida kuma ya biya wurin mai tsire da dare a barbaɗa masa yaji mai gishiri. Dunƙulen nan yawancinsa gishiri ne, kanwa kuma 'yar'uwarsa ce wajen abin da ke ɗaga jini. Nas mai hikima ba ta cewa a ci lami. Takan ce a rage kaɗan-kaɗan har harshe ya saba, a ƙara daddawa da albasa da citta da tafarnuwa su cike gurbi, a kuma rage wa tukunyar gida duka, domin in aka ware wa maigida tasa miyar, ranar farko zai ci, rana ta biyu zai nufi kasuwa. Haka za ta yi maganar taba da giya, da ƙiba, da zama wuri guda daga safe har yamma a bakin rumfa, ta ce a riƙa taka ƙasa da sauri kamar rabin sa'a a yawancin ranakun mako.

Ba zan bar mata ba sai na taɓa awon ciki. Akwai hawan jinin da ke zuwa bayan ciki ya wuce mako 20, wanda in an bar shi yakan kai ga jijjiga, jijjiga kuwa tana cikin manyan abubuwan da ke kashe mata wajen haihuwa a ƙasar nan. Nas da ungozoma suke kama shi, ta awon jini da gwajin fitsari duk ran da mace ta zo. In mai ciki ta ce kanta yana sarawa, tana ganin walƙiya-walƙiya, fuska da hannu sun kumbura, ko tana jin ciwo a saman ciki, ba a kwana da ita a gida. Akwai magungunan hawan jini da suka dace da ciki, akwai kuma allurar maganesiyam salfet wadda take hana jijjiga take kuma tsayar da ita, an koya wa ungozomomi yin ta farko kafin a ɗauki mace zuwa babban asibiti. Bayan haihuwa ma ba a gama ba. Tun cikin shekarun 1970 likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya suka lura da yawan masu jego da zuciyarsu take gazawa, suka yi zargin kunun kanwa da zafin wankan jego. Binciken da ya biyo baya ya nuna akwai waɗansu dalilan bayan waɗannan. Duk da haka, macen da jininta ya hau lokacin ciki ba ta da abin da za ta yi da kunu mai kanwa da yawa har kwana arba'in, kakanni su yi haƙuri. A kai ta awo bayan haihuwa, a ci gaba da auna ta kowace shekara, domin irinta ta fi kusa da samun hawan jini nan gaba.

Na san akwai masu cewa a zuci, "Malam, ka yabi nas da yawa, ba ka taɓa shan tsawarsu ba ne?" Na sha. Zan kuwa faɗa a gabansu tun da suna nan: dattijon da aka daka wa tsawa a gaban jama'a ba zai komo ba, ciwon nan kuwa na komowa ne. Tsawa guda tana iya ɓata aikin shekara. Amma mu ma mu yi adalci. A 2024 Hukumar Jinya da Ungozoma ta ce nas fiye da 42,000 sun bar ƙasar nan cikin shekara uku zuwa aiki a ƙasashen waje. Aikin waɗanda suka tafi ya komo kan waɗanda suka tsaya. Akwai ƙaramin asibitin da mace guda ce take karɓar haihuwa da dare, da safe ta yi rigakafin yara, ta auna masu hawan jini, ta kuma cika rajista. Wannan nauyi ne a kan gwamnatoci uku, ta Tarayya da ta jiha da ƙaramar hukuma: a ɗauki ma'aikata, a biya su a kan kari, a ba su na'ura mai kyau da batir da maɗauri manya da ƙanana, kada kuma magani ya yanke. Yana kuma kan kwamitocin lafiya na unguwanni da masu sarauta su riƙa leƙa asibitin garinsu su ga abin da babu, su kai kuka inda ya kamata. Ranar 12 ga Mayu ita ce ranar nas ta duniya, ranar 17 ga watan kuma ta hawan jini. Shugabannin kasuwa da na tasha suna iya gayyatar nas a makon nan ta kafa tebur a rumfa ko a bakin masallaci da coci, gama namiji ya fi mace gudun asibiti.

Ranka ya daɗe Sarki, jama'a, na ga rana ta ɗaga. Ma'aikatan jinya sun kafa tebur a bayan zaure, na maza a dama, na mata a hagu bayan labule, awon kuwa kyauta ne. Wanda ya ci goro ko ya sha taba yanzu ya dakata rabin sa'a. Masu manyan riguna su tuɓe ta sama don a sami damtse. Kowa za a rubuta masa lambarsa a takarda. Wanda aka ce ya sake awo, za a gaya masa asibitin da ya fi kusa da unguwarsa da ranar da zai je. Wanda kuma jawabin nan ya riske shi a rubuce, ko a Sabo ta Ibadan, ko Agege, ko Fatakwal, ko Sakkwato, in ya kai shekara 18 ya nufi ƙaramin asibiti mafi kusa ya ce a auna shi, ya kuma tafi da matarsa da iyayensa. An gaya mini Sarki ya ce shi zai fara miƙa hannu, sai a ba shi hanya.